Shin tokin bulokcen zai iya riƙe izinin majinyaci kan bayanan lafiyarsa?

Zainab_Kundi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana gaban wannan zaure domin masana kwamfuta da ma'aikatan lafiya da masana shari'a da ke cikinmu su duba ta tare. An jima ana tallata wata dabara da ke cewa za a iya mayar da izinin majinyaci ya zama tokin, wato shaidar lantarki, a kan bulokcen, wato kundin lantarki da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, wanda ba a goge abin da aka rubuta a cikinsa. Idan majinyaci ya yarda wani asibiti ko wata cibiyar bincike ta duba bayanansa, sai manhaja ta fitar da tokin mai ɗauke da sharuɗɗan yardar, wato wanda aka ba izini, da ɓangaren fayil ɗin da zai gani, da manufar dubawar, da ranar da izinin zai ƙare. Duk wanda ya zo neman bayanan, sai an tabbatar yana riƙe da tokin da bai mutu ba. Ranar da majinyaci ya sauya ra'ayi sai ya soke tokin daga wayarsa, kuma tarihin bayarwa da sokewa ya zauna a kundin da babu mai iya gogewa ko sauya masa kwanan wata.

Ni dai ina ganin dabarar tana da ƙarfi, domin babbar illar tsarin da ake kai yanzu ita ce wanda ke amfana da bayanan shi ne kuma ke ajiye shaidar cewa an ba shi izini. Idan gardama ta tashi, majinyaci ba ya riƙe da komai a hannunsa. Tambayata ita ce: shin tokin yana magance wannan da gaske, ko kuwa akwai abin da masu tallata shi ba sa faɗa?

Injiniya_Habu:
Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Kafin a shiga yabo ko suka, yana da kyau a fayyace abin da ake ɗorawa a kan bulokcen da abin da ba a ɗorawa. Babu injiniya mai hankali da zai zuba sakamakon gwajin jini ko hoton ƙirji a kan kundin da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa. Bayanan suna zama a rumbun asibiti kamar yadda suke. Abin da ke hawa kundin shi ne sharuɗɗan izini, da nuni zuwa inda bayanan suke, da wani gajeren jerin lambobi da ake lissafowa daga takarda, wanda yake sauyawa gaba ɗaya idan aka taɓa ko da harafi guda a cikinta. Da wannan jerin ne ake gane ko an yi wa takardar izini kwaskwarima bayan an sa mata hannu.

Haka aka gina MedRec, wanda masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka fitar a 2016 a kan bulokcen na Ethereum, suka kuma gwada shi tare da asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston. Yarjejeniyoyi masu zartar da kansu, wato ƙananan manhajojin da ke aiki a kan bulokcen, su ne ke riƙe da alaƙar majinyaci da kowane asibiti, su kuwa bayanan ba su motsa daga inda suke ba. Idan wani ya nemi fayil, wata manhaja da ke gadin rumbun asibitin ce ke leƙa kundin ta ga ko an ba shi izini, sannan ta saki bayanan ko ta hana.

Sai kuma batun irin tokin da ya dace. Tokin da aka saba da su, irin na ƙa'idar ERC-20 da ta ERC-721, an ƙera su ne domin su riƙa sauya hannu. Izini kuwa bai kamata ya sauya hannu ba, domin idan na yarda likitan zuciya ya ga fayil ɗina, ban yarda ya miƙa wannan damar ga kamfanin inshora ba. Shi ya sa masu wannan aiki suka karkata ga tokin da ke manne da mai shi, wanda ba a sayarwa kuma ba a kyautarwa, irin wanda Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, da abokan aikinsa suka yi bayani a 2022.

Mai_Fayil:
Na daɗe ina aiki a sashen adana fayil na asibiti, kuma abin da Malama Zainab ta faɗa game da shaida gaskiya ne. Takardar izini sau da yawa tana maƙale ne a bayan fayil, an cike ta cikin gaggawa, wani lokaci babu kwanan wata, wani lokaci gurbin da aka tanada don rubuta manufar amfani da bayanan yana nan fayau. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta dawo ta ce ta janye yardarta daga wani binciken da aka sa ta a ciki. An karɓi takardarta, an saka a fayil ɗinta na sashenmu, amma ƙungiyar binciken da ke wani gini daban ba ta samu labari ba sai bayan an riga an tura rukunin bayanai na gaba, har da nata a ciki. Babu wanda ya yi niyyar cutar da ita. Janyewar ce kawai ba ta da hanyar da za ta bi ta isa ga duk waɗanda ya kamata ta isa gare su. Idan har akwai kundi guda da kowane sashe da kowace cibiya za su duba kafin su tura bayanai, to wannan matsalar dai za ta ragu ƙwarai.

Barista_Binta:
Allah ya saka da alheri, Injiniya, da wannan bayani. Ina so in ƙara abubuwa biyu daga ɓangaren shari'a. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, ta ce a sashe na 7 dole janye izini ya kasance da sauƙi kamar bayar da shi, kuma a nan tokin yana iya taimakawa. Amma sashe na 17 ya ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa, alhali abin da bulokcen ke alfahari da shi shi ne ba a gogewa. Kada a ce ai jerin lambobi ne kawai ke kan kundin. Muddin ana iya danganta lambobin da wani mutum, to a idon doka bayanansa ne. Hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta yi magana kan wannan tun 2018, inda ta ba da shawarar kada a ɗora bayanan mutum a fili, a yi amfani da lambobin da aka haɗa da mabuɗin sirri, ta yadda idan aka lalata mabuɗin abin da ya rage a kundin ba zai ƙara nuna kowa ba. Ita kanta hukumar ta ɗauki wannan a matsayin abin da ya kusanci gogewa, ba gogewa ta haƙiƙa ba.

Abu na biyu ya fi muhimmanci a wurina. Mutane da yawa suna zaton duk wani motsi da bayanan lafiya ke yi a kan izini yake tafiya, kuma ba haka ba ne. A Amurka, ƙa'idar sirri da ke ƙarƙashin dokar HIPAA ta 1996 ta yarda a yi amfani da bayanai wajen jinya da biyan kuɗi da gudanar da asibiti ba tare da neman rubutaccen izini ba. A Turai ma sashe na 9 na GDPR ya buɗe hanyoyi don jinya da kare lafiyar al'umma da bincike. Likitan da ya gano cutar da doka ta wajabta a kai rahotonta zai kai rahoton ko majinyaci ya so ko bai so ba. Don haka duk wanda ya gaya wa majinyaci cewa da tokin a hannunsa babu mai taɓa bayanansa sai da yardarsa, ya yi masa alkawarin da doka ba ta yi masa ba.

Umar_K:
Ni ban ga abin dogon muhawara ba a nan. Ƙasar Estoniya ta riga ta ɗora bayanan lafiyar 'yan ƙasarta a kan bulokcen shekaru da suka wuce, kuma tsarin yana aiki lafiya lau.

Injiniya_Habu:
Malam Umar, wannan magana ta yaɗu sosai, amma tana bukatar gyara. Bayanan lafiya a Estoniya suna cikin rumbunan bayanai na yau da kullum, kuma hanyar da hukumomi ke musayar su, X-Road, ba bulokcen ba ce. Abin da ya faru a 2016 shi ne hukumar kula da bayanan lafiya ta ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Guardtime domin amfani da fasaharsa ta KSI wajen hatimce rajistar ayyuka, ta yadda idan wani ya sauya wani abu a ɓoye za a gane. Babu tokin izini a ciki. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga sunan duk wanda ya buɗe fayil ɗinsa, kuma ma'aikacin da ya leƙa ba tare da dalili ba yana iya fuskantar hukunci. Ƙarfin tsarin daga doka da katin shaidar ɗan ƙasa ya fito, hatimin kuwa ƙari ne a kansu.

Likita_Gaggawa:
Ina aiki a sashen taimakon gaggawa, kuma ina so masu ƙera irin wannan tsari su zo su tsaya tare da mu na dare ɗaya kafin su kammala zane. Ana shigo mana da mutum a sume, babu ɗan'uwa tare da shi, wayarsa ta fashe ko tana kulle. Abin da nake bukata in sani a cikin mintunan farko shi ne ko yana shan maganin tsinka jini, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, ko yana da ciwon sukari. Ba zan iya jiran ya farfaɗo ya sa hannu da mabuɗin sirrinsa, wato lambar sirrin da yake sarrafa tokinsa da ita, ba. Duk tsarin adana bayanai na kirki yana da hanyar gaggawa da likita ke bi ya buɗe fayil ba tare da izini ba, ya rubuta dalili, daga baya a bincika ko dalilin nasa ya inganta. To idan wannan hanyar tana nan, kuma dole ta kasance, ashe akwai wanda ke riƙe da ikon tsallake tokin. Wane ne shi? Asibiti ne ko hukuma. Mun dawo wurin amana da cibiya ke nan, wato abin da aka ce bulokcen ya zo ya kawar.

Ban ce dabarar ba ta da amfani ba. Idan kowace buɗewar gaggawa za ta bar alamar da asibiti ba zai iya gogewa ba, kuma majinyaci zai gan ta idan ya warke, wannan alheri ne babba. Amma a kira shi da sunansa, rajistar bin diddigi, kada a ce majinyaci ne ke riƙe da ƙofa.

Sannan ina tambaya kan ɓatan mabuɗi. A duniyar kuɗin intanet, wanda ya ɓatar da mabuɗinsa ya yi asarar dukiyarsa har abada. Mafi yawan masu yawan zuwa asibiti tsofaffi ne da masu cututtuka masu tsanani, wasunsu ma mantuwa ce ciwon nasu.

Nas_Hauwa:
Ina goyon bayan Likita, kuma ina so in ja hankali ga abin da ke faruwa kafin a kai ga sa hannu. Izini ba sa hannu ba ne, fahimta ce. Idan zan nemi yardar majinyaci kan wani bincike, nakan zauna kusa da gadonsa, in yi bayani, in dakata, in ce ya maimaita mini abin da ya gane da bakinsa. Sau da yawa a wannan maimaitawar ce nake gano cewa yana zaton idan ya ƙi za a rage masa kulawa, sai in sake tabbatar masa cewa jinyarsa ba ta rataya a kan amsarsa ba. Tokin ba ya ganin wannan tsoro. Zai rubuta cewa an yarda da ƙarfe kaza na rana kaza, ya hatimce, kuma hatimin zai yi ƙarfi daidai wa daida ko mutumin ya fahimta ko bai fahimta ba. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari wannan hatimi ya zama makami a hannun cibiya, ta ce ga shaida nan da ba ta sauyuwa cewa ka yarda, alhali abin da ya faru shi ne mutum mai zazzaɓi ya danna maɓalli domin a bar shi ya huta.

Malam_Tarihi:
Maganar Malama Hauwa ita ce tushe, domin tun daga ƙa'idar Nuremberg ta 1947 zuwa sanarwar Helsinki ta 1964, waɗanda suka tsara ɗa'ar bincike a kan mutane, abin da ake nanatawa shi ne yarda ta son rai bayan cikakken bayani. Sai dai ina so in kawo wani misali da ke nuna inda tokin zai iya yin tasiri. Daga 1990 masu bincike na jami'ar jihar Arizona suka fara ɗibar jinin 'yan ƙabilar Havasupai, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, waɗanda suka fahimci cewa binciken ciwon sukari za a yi, domin cutar ta addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali da auratayya tsakanin dangi da asalin ƙaurar kakanninsu, abin da ya ci karo da tarihin da suke riƙe da shi game da kansu. Shari'ar ta ƙare a 2010 da biyan dala 700,000 da mayar musu da samfuran jinin. Gardamar ta ta'allaƙa ne a kan faɗin kalmomin takardar izini da abin da aka gaya musu da baki.

Irin wannan ne ya sa masana irin su Jane Kaye ta jami'ar Oxford suka yi kira da a koma ga izini mai tafiya da lokaci, wato maimakon sa hannu sau ɗaya kan komai da komai, a riƙa komawa ga mai samfur duk lokacin da sabon bincike ya taso. A Malta an gina wani tsari mai suna Dwarna domin ma'ajiyar samfura ta jami'ar ƙasar, inda ake rubuta kowane sauyin izini a kan bulokcen da sunan aro, ita kuwa alaƙar sunan aro da mutum na gaskiya tana waje, ta yadda za a iya share ta. A ganina a nan ne dabarar ta fi dacewa, a binciken da ke ɗaukar shekaru, inda samfur ke yawo tsakanin jami'o'i da ƙasashe, ba a ɗakin gaggawa ba.

Dan_Kasuwa_Bello:
Ku gafarce ni in ɗan karkata. Tunda kamfanoni suna samun maƙudan kuɗi daga bayanan lafiya, me zai hana tokin ya zama hanyar da majinyaci zai karɓi rabonsa? A 2018 kamfanin magunguna na GSK ya zuba dala miliyan 300 a 23andMe, kamfanin gwajin ƙwayoyin halitta, kuma kowa ya san abin da ya ja hankalinsa shi ne tarin bayanan ƙwayoyin halittar abokan cinikin kamfanin. Su masu bayanan ba su karɓi komai ba. Idan ana biyan mutum duk lokacin da aka yi amfani da tokinsa, ai adalci ya fi kusa.

Barista_Binta:
Alhaji Bello, ƙorafinka yana kan hanya, amma maganin da ka kawo yana da haɗari. Da zarar aka sa wa izini farashi, wanda ya fi bukatar kuɗi shi zai fi saurin sayarwa, kuma kwamitocin ɗa'ar bincike sun daɗe suna hana biyan da zai rinjayi mutum ya yarda da abin da da bai yarda da shi ba. Bayanan ƙwayoyin halitta kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya sayar da nasa ya fallasa wani kaso na iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yan da bai haifa ba tukuna, kuma babu ɗayansu da ya sa hannu. Iyalan Henrietta Lacks, wata Ba'amurkiya da ta yi fama da kansa, sun ga wannan a 2013, lokacin da aka wallafa jerin ƙwayoyin halittar tsokar da aka ɗiba daga jikinta a 1951 ba tare da an tuntuɓe su ba. An kuma gwada irin kasuwar da kake nufi. LunaDNA, wata kafa ta tara bayanan ƙwayoyin halitta, ta riƙa ba masu bayanai hannun jari, amma ta rufe a farkon 2024. Shi kansa 23andMe an yi masa kutse a 2023 wanda ya shafi kimanin mutum miliyan 6.9, sannan ya shigar da takardar fatara a Maris 2025, abin da ya jefa mutane cikin zullumin hannun da bayanansu za su faɗa.

Sadiya_Tsaro:
Bari in dawo da mu kan tambayar Malama Zainab, domin akwai kalma ɗaya a bayaninta da nake so a duba da kyau, wato sokewa. Soke tokin yana hana buɗewa ta gaba ne kawai. Cibiyar da ta riga ta sauke fayil jiya tana da kwafinsa a kwamfutarta yau, kuma babu wata yarjejeniya mai zartar da kanta da za ta shiga can ta goge shi. Magana zarar bunu ce, haka ma bayanai. Abin da ke tilasta wa cibiyar ta share kwafin shi ne kwangila da doka da tsoron mai bincike, ba lissafi ba. Idan kuma an riga an horar da wata manhajar gano cuta da bayanan, ko an wallafa sakamakon bincike, to cire mutum ɗaya daga ciki abu ne mai wuyar gaske.

Akwai kuma haɗarin da tokin da kansa ke haifarwa idan kundin a buɗe yake ga kowa. A ce adireshin walet ɗin wani, wato asusun da yake ajiye tokinsa, ya ba asibitin masu cutar kansa izini a watan Janairu, ya ba wani ɗakin gwaji a Fabrairu, ya ba cibiyar kula da masu jinyar ƙarshe a Yuni. Babu sakamakon gwaji ko ɗaya a kundin, amma duk mai kallo ya karanta labarin mutumin. Saura kawai a gano wane ne mai adireshin, kuma wannan ba ya da wahala kamar yadda ake zato. Latanya Sweeney ta nuna tun shekarar 2000 cewa lambar yankin gidan waya da ranar haihuwa da jinsi sun isa su ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ɗaya bayan ɗaya. A rumbun bayanai na yau da kullum, idan aka gano ɓaraka ana iya toshewa a share abin da ya fita. A buɗaɗɗen bulokcen, abin da aka rubuta bana yana nan yana jiran dabarun tona asiri na shekaru ashirin masu zuwa.

Kada kuma a manta cewa yarjejeniya mai zartar da kanta manhaja ce da ɗan Adam ya rubuta. A Nuwamba 2017 wani kuskure a manhajar walet ta Parity ya daskarar da fiye da ether 500,000, wato kuɗin intanet na Ethereum. Idan irin wannan ya faru da kundin izini, abin da zai daskare shi ne damar likita ta ganin fayil.

Injiniya_Habu:
Malama Sadiya ta faɗi gaskiya, kuma shi ya sa da yawa daga cikin gwaje-gwajen da aka yi a fannin lafiya suka koma ga rufaffen bulokcen irin Hyperledger Fabric, inda sanannun cibiyoyi ne kaɗai ke riƙe da kwafin kundin. Sai dai da zarar an yi haka wata tambaya ta taso, wadda nake yi wa kaina a duk aikin da aka kawo mini: idan cibiyoyin sun san juna, sun sa hannu kan yarjejeniya, kuma akwai hukumar da ke sa musu ido, me ya hana su yi amfani da rumbun bayanai guda mai sa hannun lantarki da rajistar da ba a gogewa? Ƙa'idar musayar bayanan lafiya ta FHIR tana da tsararren gurbi na rubuta izini. Indiya, a shirinta na Ayushman Bharat Digital Mission da aka ƙaddamar a faɗin ƙasa a Satumba 2021, tana amfani da mai kula da izini da ke tsakanin majinyaci da cibiyoyi, yana fitar da takardar izini ta lantarki mai ɗauke da manufa da irin bayanai da wa'adi. Aikin da ake so tokin ya yi ke nan, kuma ba a bukaci bulokcen ba.

Amsar da nake da ita ita ce bulokcen yana da hujja ne kawai inda babu wata cibiya guda da kowa ya yarda ta riƙe kundin, misali binciken da ya haɗa ƙasashe da kamfanoni masu gogayya da juna. Ko a nan ma wahalar ba ta fasaha ba ce. TradeLens, wanda IBM da Maersk suka gina don jigilar kaya ta ruwa, ya yi aiki, amma a Nuwamba 2022 suka sanar da rufe shi saboda bai samu haɗin kan da ake bukata daga sauran kamfanoni ba.

Zainab_Kundi:
Na gode muku ƙwarai. Na karɓi maganar Malama Sadiya kan sokewa da ta Likita kan gaggawa. Amma har yanzu ina riƙe da abin da na fara da shi, domin ban ga an rushe shi ba. Rumbun bayanai guda da Injiniya ya ambata yana da mai gudanarwa, kuma mai gudanarwa yana iya gyara rajista idan abin kunya ya taso. Majinyacin da ke riƙe da shaidar da aka hatimce a kundin da ba ya hannun asibiti yana da abin nunawa a gaban alƙali. Ko da tokin bai hana ɓarna ba, yana hana musun ta.

Barista_Binta:
Malama Zainab, a kan wannan muna tare, amma ki duba shari'ar asibitin Royal Free da ke Landan. An miƙa wa DeepMind, wani kamfanin fasaha mallakar Google, bayanan majinyata kimanin miliyan 1.6 domin gwada manhajar Streams mai faɗakarwa kan ciwon ƙoda, kuma a Yuli 2017 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta yanke cewa asibitin bai bi doka ba. Babu wanda ya musanta cewa an tura bayanan. Matsalar ita ce asibitin ya ɗauka cewa aikin yana cikin jinya kai tsaye, don haka bai ga bukatar tambayar kowa ba. Da akwai tokin a lokacin, bayanan ba za su bi ta kansa ba sam, domin wanda ya yanke cewa ba a bukatar izini ba zai je neman tokin ba. Yanzu ma sabuwar dokar bayanan lafiya ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Maris 2025 ta ɗauki hanyar cewa ana iya amfani da bayanai don bincike sai dai idan mutum ya ce a cire shi. A irin wannan tsari abin da ya kamata a hatimce shi ne ƙin yarda, ba yarda ba.

Mai_Fayil:
Akwai wani rukuni da ba a taɓo ba, kuma su ne suka fi ba mu aiki a sashenmu, wato waɗanda wani ne ke ba da izini a madadinsu. Uwa ta sa hannu a saka jaririnta cikin binciken da zai bi shi tsawon shekaru. Yaron ya girma ya kai shekarun da doka ta ba shi ikon yanke wa kansa hukunci, dole a koma a tambaye shi, kuma yana iya ƙin abin da uwarsa ta yarda da shi. Iyaye sun rabu, kotu ta ba ɗaya riƙo, sai ikon sa hannu ya koma hannunsa. Dattijo ya rasa hankalinsa, aka naɗa masa wakili, daga baya aka sauke wakilin aka naɗa wani. A kowane ɗayan waɗannan, takardar kotu ko ta likita ce ke zuwa teburina, ni kuma in duba hatiminta in sauya sunan mai iko a fayil. Idan tokin manne yake da mai shi kamar yadda Injiniya ya bayyana, ina so a gaya mini wanda zai cire shi daga walet ɗin uwa ya mayar wa ɗa ranar da ya balaga a idon doka, da kuma abin da zai faru idan uwar ta ƙi sakin mabuɗin.

Injiniya_Habu:
Ana iya rubuta yarjejeniyar ta yadda tokin uwa zai mutu da kansa a ranar da aka ƙayyade, tunda ranar haihuwa sananniya ce. Na riƙo da na wakilci kuwa ba su da ranar da za a sani tun farko, don haka dole a ba wani ofishi ikon shigar da hukuncin kotu cikin kundin, kuma ma'aikacin wannan ofishi zai yi daidai aikin da kake yi yanzu, Malam, na duba takarda da tabbatar da ingancinta kafin ya danna.